Ɗokin Amarya Kada Ya Sa A Saki Uwargida

'Yan'uwana ɗalibai, gardama ce ta kaure a ɗakinmu na kwana ran wata Asabar da dare, ita ce kuwa ta sa na ɗauki alƙalami. Wani abokinmu mai karatun injiniya ya jawo waya ya nuna mana hoton ɗakin matuƙan wani sabon jirgin sama, ko'ina allon gilashi sai ƙyalli yake, sa'an nan ya nuna mana na wani tsohon jirgi, cike da agogo masu allura kamar shagon mai gyaran agogo a Sabon Gari. Ya kece da dariya, ya ce waɗannan tarkace ai Gidan Makama ya kamata a kai su a jera kusa da sulke da kwalkwali, duk ƙasar da ke kashe ko kwabo wajen riƙe su kuwa ba ta san inda duniya ta sa gaba ba. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ni kaɗai na ce ban yarda ba, aka yi mini ca, har wani ya ce me ɗan manomin Kafur ya sani game da jirgin sama, in ban da ya ɗaga kai daga bakin kunya ya ga wucewarsa.

To, gaskiya ne, ni ɗan manomi ne, ban kuwa taɓa zama kujerar matuƙi ba. Amma tsofaffinmu na Kafur da Malumfashi da Funtuwa, waɗanda kan sayar da masara da auduga da waken soya shekara da shekaru su tara kuɗin kujera, su ne ake zubawa cikin jiragen nan a kai Jidda. Da dukiyar jama'a ake sayen na'urorin da ke filayen jiragenmu. Mu ɗin nan kuwa da ke zaune a aji yau, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, mu ne za a ajiye wa fayil a gaba gobe a ce mu sa hannu a sayo wannan, a yi gwanjon wancan. Saboda haka maganar ba ta matuƙa kaɗai ba ce. Abin da nake so in tsayar shi ne, sabuwar na'ura a karɓe ta hannu biyu, amma kada a naɗa ta sarauta sai ta ci jarrabawa, kada kuma a raba matuƙi da abin da zai koma wa ranar da ta ƙi.

Bari mu faro daga tushe, domin na lura yawancin masu tafin nan ba su san aikin agogon da suke yi wa dariya ba. Mutum a ƙasa yana sanin a miƙe yake ne saboda idonsa na ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, ƙafarsa kuma na taka wuri mai ƙarfi. Da zarar jirgi ya shiga gajimare ko hazo ido ya rasa wannan layi, sai jiki ya dogara ga wani ɗan ruwa da ke can cikin kunne, shi kuwa ba ya jin karkata in sannu a hankali ta zo. Jirgi na iya kwantawa gefe guda matuƙi ya rantse a daidai yake, in ya gyara kuma jikinsa ya ce masa yanzu ne ya karkace. Mun saba cewa jiki magayi, amma cikin hazo ƙarya yake gaya wa mai shi. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka rufe musu ganin waje, babu ko ɗaya da jirgi bai kuɓuce masa ba, matsakaicin lokacin da suka jure kuwa sakan 178, watau bai cika minti uku ba.

Maganin wannan ciwo shi ne agogon da ake rainawa yau. Ran 24 ga Satumba, 1929, wani hafsan sojan Amurka mai suna Jimmy Doolittle ya tashi da jirgi kusa da birnin New York, an lulluɓe mazauninsa ruf ba ya ganin komai a waje, ya yi shawagi, ya dawo ya sauka lafiya bisa abin da allurai suka gaya masa. Daga nan ne jirgi ya kama hanyar zama abin sufuri na kullum, ya daina jiran ranar da gari ya yi garau.

Huɗu ne iyayen gidan. Na farko kamfas, ɗan maganaɗisu yana iyo cikin wani ruwa mai kama da kananzir, yana nuna arewa, ba ya cin wuta, ba ya neman izinin kowa. Na biyu ma'aunin bisa, wanda cikinsa wani ɗan gwangwani ne siriri da aka toshe, in jirgi ya hau nauyin iska ya ragu sai ya kumbura ya tura allura. Na uku ma'aunin gudu, mai shaƙar iska ta wani ɗan bututu da ke leƙowa a gefen hancin jirgi ko ƙarƙashin fiffike, dabarar da Bafaranshen nan Henri Pitot ya ƙago tun 1732 don auna gudun ruwan kogin Seine. Na huɗu ma'aunin karkata, wanda sirrinsa shi ne na katantanwar da muka murza muna yara: abin da ke juyawa da ƙarfi ba ya yarda a kwantar da shi, saboda haka jirgi ya karkata yadda ya ga dama, ita tana nan tsaye tana nuna inda ƙasa take. A tsohon tsari uku na farko ba sa bukatar lantarki ko kaɗan. Daɗin daɗawa, shekara kusan ɗari ana zaune da su, an san halinsu ciki da bai. An san kamfas yakan yi maye in ana kwana, an san ma'aunin bisa sai an saita shi da awon iskar da hasumiya ta bayar, kuskuren lamba ɗaya kuwa kusan ƙafa 30 ne. Aibin da aka sani, aka rubuta, aka koya wa ɗalibi, rabin maganinsa ya samu.

Kada wani ya zaci ina cikin masu ƙyamar abu don kawai sabo ne. Amarya ta zo da alheri mai yawa, ƙin faɗinsa zalunci ne. Kafin tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da Amurka ta tilasta wa manyan jirage ɗaukar na'urar da ke ihu in an kusanci ƙasa ba da niyya ba, jirgi lafiyayye da matuƙi lafiyayye sukan je su daki dutse cikin duhu, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wannan na'ura ta rage irin wannan mutuwa ƙwarai da gaske. Akwai wadda ke sa jirage biyu da suka doshi juna su yi shawara, ta ce wa ɗaya hau, ta ce wa ɗaya sauka. Akwai mai nuna hadari tun yana nesa, akwai taswira mai tafiya da jirgi a kan allo. Ita kanta katantanwar da na yaba, a ƙananan jirage wani famfon iska ne ke juya ta, yakan mutu shiru ba sallama, ita kuwa ta riƙa kwantawa a hankali tana jan matuƙi zuwa kabari, alhali na'urar zamani mai yin aikinta ba ta da abin da ke juyawa balle ya gaji. Tafiya a jirgi yau ta fi ta zamanin kakanninmu aminci nesa ba kusa ba, kaso mai tsoka na ladan kuwa na amarya ne.

Uwargida ma takan yi laifi. Ran 6 ga Fabrairu, 1996, wani jirgin kamfanin Birgenair na Turkiyya, samfurin Boeing 757, ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, bayan 'yan mintoci ya faɗa teku, mutum 189 suka halaka. Jirgin ya yi wajen mako uku a ajiye ba a rufe bakin bututunsa ba, masu bincike kuwa suka fi kyautata zaton zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a ciki. I, zanzaron nan dai da ke gini a kusurwar ɗakin kakata a Kafur. Ma'aunin babban matuƙi ya riƙa nuna gudun da babu shi, alhali na mataimakinsa gaskiya yake faɗa, aka ruɗe aka rasa wanda za a bi. A lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, allon gilashin da abokina ke wa kirari daga wannan tsohon bututu yake shan labarinsa, in bututu ya toshe ƙarya zai rubuta, sai dai ya rubuta ta da launi mai kyau. Na biyu, abin da zai ceci mutanen nan yana cikin ɗakin, watau shaida na biyu mai zaman kansa, da matuƙin da aka hora ya gwama shaidu ya gane mai ƙarya.

Yanzu sai mu dubi halin amarya ranar da ta yi fushi, domin ba a sanin na'ura ranar biki. Aibinta na farko shi ne takan tara kome wuri ɗaya. Manomin kirki ba ya zuba hatsin shekara duka a rumbu guda, saboda ya san gobara. Ran 23 ga Yuli, 1983, wani sabon jirgin Air Canada, Boeing 767, ɗaya daga cikin na farko masu allon gilashi, mai ya ƙare masa ƙaf yana ƙafa 41,000 a sama, saboda an yi kuskuren lissafi tsakanin laba da kilo wajen zuba mai. Injuna biyu suka mutu, lantarki ya tafi, alluna suka yi baƙi ƙirin. Abin da ya rage 'yan ƙananan agogon ko-ta-kwana ne, da matuƙi Robert Pearson wanda ya saba tuƙa jirgi marar inji a lokacin hutunsa. Da su ya lallaɓa ya sauka a wani tsohon filin soja a garin Gimli, mutum 69 da ke ciki babu wanda ya rasa ransa. Da injiniyanmu na gobe ne ya tsara jirgin nan, da waɗannan 'yan agogo suna gidan tarihi, mutanen kuwa suna ƙiyama.

Aibi na biyu, takan yi aiki a ɓoye, har ta ƙwace ragama daga hannun mai gida. Kamfanin Boeing ya sa wa samfurin 737 MAX wani tsarin kwamfuta mai danna hancin jirgi ƙasa in ya ga ya ɗaga fiye da kima. Tsarin yana jin maganar ɗan fiffike guda ɗaya tak da ke gefen hanci, ko da yake biyu ne a jikin jirgin, ba a kuma bayyana shi a littafin matuƙa ba. Ran 29 ga Oktoba, 2018, ɗan fiffiken ya yi ƙarya a jirgin Lion Air na Indunusiya, kwamfuta ta yi ta kokawa da matuƙa har suka faɗa teku, mutum 189. Ran 10 ga Maris, 2019, haka ta sake faruwa ga jirgin Habasha minti shida bayan tashinsa daga Addis Ababa zuwa Nairobi, mutum 157, cikinsu har da 'yan Nijeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Jakada Abiodun Bashua. An ce amarya ba ta laifi, to wannan dai 'ya'yan masu gida 346 ta kashe cikin wata biyar. Aka dakatar da samfurin a duniya duka, Amurka ba ta sake shi ba sai Nuwamba 2020. Mene ne babban gyaran da aka yi? Aka ce kwamfuta ta riƙa jin shaidu biyu, in sun saɓa ta janye hannunta. Watau aka koma kan darasin da tsofaffin matuƙa suka sani tun kafin a haifi iyayenmu.

Aibi na uku ya fi ba ni tsoro, shi ne takan sangarta mai ita har hannunsa ya mutu. Ran 1 ga Yuni, 2009, jirgin Air France, Airbus A330, yana kan hanya daga Rio de Janeiro zuwa Paris cikin dare, ƙanƙara ta toshe bututun gudu. Na'urar da ke tuƙi da kanta ta ce ba ta iya ba, ta miƙa wa matuƙa. Toshewar ba ta wuce kamar minti ɗaya ba, injuna lafiya lau, ma'aunin karkata yana faɗin gaskiya. Abin da ake koya wa ɗan koyo shi ne ya riƙe hanci a daidai, ya bar inji yadda yake, ya jira. Maimakon haka aka yi ta ɗaga hanci har fikafikai suka daina riƙe iska, jirgi ya zubo daga wajen ƙafa 38,000 cikin minti uku da rabi, mutum 228 suka tafi. Rahoton masu binciken Faransa na 2012 ya nuna matuƙan ba su sami horon tuƙi da hannu a irin wannan bisa ba. Har ila yau, a 2010 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gwama ƙananan jirage masu allon gilashi da masu agogo, ta samu masu gilashin sun fi ƙarancin haɗari in an haɗa duka, amma haɗarin da ke cin rai ya fi yawa a cikinsu. Wani ɓangare na dalilin shi ne an fi shiga doguwar tafiya da mugun yanayi da su. Hukumar ta ce ba ta ga ƙarin amincin da aka yi tsammani ba, ta nemi a ƙara horo. Ashe allo ba ya zuwa da hankali a cikin kwalinsa.

Aibi na huɗu, amaryar nan ta aro ce. Abin da ke gaya wa jirgi inda yake a yau, watau GPS, taurarin ɗan Adam ne na sojan Amurka, suna shawagi wajen kilomita 20,000 daga ƙasa, muryarsu kuwa kafin ta iso ta yi rauni ƙwarai, ɗan ƙaramin inji ya isa ya danne ta, ko ma ya kwaikwaye ta ya gaya wa jirgi yana inda ba ya nan. Tun 'yan shekarun nan matuƙa ke kuka da wannan a Gabas ta Tsakiya da kewayen Tekun Baltik. A ƙarshen Afrilu 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na ƙasar Estoniya har wata guda, saboda saukar filin ta dogara ga GPS, an kuwa dame shi. Ba su koma ba sai da aka tanadi hanyar sauka mai dogara ga na'urorin da ke kafe a ƙasa. Mu mutanen kudancin Katsina ba ma bukatar a fassara mana wannan. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Wanda ya ajiye dukan harkarsa a cikin waya ya wayi gari da guntun gilashi a aljihu. Abin da makunninsa ke hannun wani ba naka ba ne, ko da kai ka biya kuɗinsa.

Duk wannan a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ke nan, inda kayan gyara ke bayan gida. Ina ga mu? Mu muna da mai jarrabawa da ba ya fashi, shi ne hazo. Kowace shekara daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna, wani lokaci har bakin teku, jirage su yi ta jira ko a juya su wani gari. Iyayenmu ba su manta da 22 ga Janairu, 1973 ba, ranar da Boeing 707 mai ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda rashin kyawun yanayi ya hana shi zuwa Ikko, ya juyo Kano, ƙafarsa ta karye wajen sauka, wuta ta kama, mutum 176 cikin 202 suka rasu. Na kawo wannan ne don a tuna ko su wa ke zaune a kujerun baya sa'ad da yanayi ya juya. A Fabrairu 2020 kuma, jiragen ƙasashen waje da dama aka karkata zuwa Akra ta ƙasar Gana saboda hazo ya rufe Ikko, fasinjoji suka yi kwanaki a yashe, alhali an riga an kafa sabuwar na'urar saukar da jirgi cikin hazo a filin, sai dai ba a gama gwada ta da daidaita ta ba. Ga amarya a ɗaki, ga baƙi a ƙofa, tuwo bai dahu ba.

Wanda ya ce ɗan manomi bai san wannan magana ba, bai san noma ba. A 1975 aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gwambe. Ya kawo taki da sabon irin masara da hanyoyin karkara. Kakanninmu ba su ƙi ba, ba su kuma yi gaggawa ba. Mutum yakan ware gefen gona ya gwada, ya bar dawarsa a sauran, in damina biyu ko uku sun shaida sa'an nan ya faɗaɗa. Da haka masara ta ci jarrabawa har ta zama abin da aka san yankinmu da shi. Tarakta kuwa fa? Na yi wasan ɓuya a cikin gangar jikin wata da ta mutu saboda ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba, aka yi ta jiran sa daga ƙasar waje har kaji suka mai da ita akurki. Mahaifina yana hayar tarakta in ta samu, amma bai taɓa sayar da shanun hudarsa ba. Wani maƙwabcinmu ya sayar da nasa, ya shiga layin jira, ruwan shuka ya zo ya wuce yana layi. Haka kuma muka gani a farkon 2023, da aka janye tsofaffin takardun Naira kafin sababbi su wadata, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Na ga mai buhunan masara a kasuwa ya rasa abin sayen magani, har sai da Kotun Ƙoli ta ce ran 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin. Sakin reshe kama ganye ke nan.

To, me ya sa kullum sabo ke cin zaɓe a ofisoshinmu, ko ya cancanta ko bai cancanta ba? Kowa ya san amsa, sai dai a yi kara. Sayen sabuwar na'ura kwangila ce, tana da tafiya ƙasar waje, tana da bikin buɗewa da makaɗa da hoto a jarida, wani lokaci har da abin da ba a rubutawa a takarda. Gyara kuwa ba shi da biki. Ba a kiran maroƙi ranar da aka canja batir, ko aka share ciyawa a gindin na'urar da ke bakin titin jirgi, ko aka biya kuɗin jirgin da zai zagaya ya gwada ta. Ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta a fayil cewa a fara gyara na da, shi ake kira baƙauye marar hangen nesa. Da wannan kalma ta baƙauye aka rufe bakin masu gaskiya da yawa a ƙasar nan, kallon kitse kuwa aka yi ta yi wa rogo.

Injiniyanmu na gobe ya kawo hujja guda mai ƙarfi a daren nan, ba zan ɓoye ta ba. Ya ce a sababbin jirage ai shi kansa ma'aunin ko-ta-kwana ƙaramin allo ne, ba mai allura ba. Haka ne, ban kuwa damu ba. Ba allura nake karewa ba, ba tsatsa nake wa kirari ba. Abin da nake kira uwargida shi ne shaidan da ke zaman kansa, mai nasa batir da nasa bututu, wanda ciwon da ya kwantar da babban allo ba zai kama shi ba, tare da hannun da ya san yadda ake bin sa. In ƙaramin allo ya cika wannan sharaɗi, ya kuma daɗe a aiki har an san halinsa, ya shiga sahun iyayen gida. Amma a tambayi masu ƙera jiragen, me ya sa har yau ɗan kamfas na maganaɗisu ke maƙale a saman gilashin gaba na manyan jirage? Me ya sa Amurka, mai GPS ɗin kanta, ta yanke shawarar barin wani adadi na tsofaffin tashoshin rediyon ƙasa masu nuna hanya don ranar da taurari suka yi shiru? Me ya sa makarantar hafsoshin ruwanta ta koma koyar da gane hanya da taurarin Allah a 2015, bayan ta daina? Masu abu suna riƙe da sanda, mu 'yan aro muna gaggawar jefar da tamu.

Saboda haka ga abin da nake nema. Na farko ga Kwalejin Horon Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, wadda 'yan jiragenta ke kewaya samanmu a Samaru kullum. Madalla da sababbin jiragen koyo masu allon gilashi, amma kada a ba ɗalibi takardar shaida sai an sha kashe masa allo a sama ya dawo gida da 'yan ma'aunan ko-ta-kwana, da kamfas, da agogon hannu, da taswirar takarda. Na biyu ga hukumomin da ke kula da sararin samanmu, tashoshin ƙasa masu nuna hanya da masu saukar da jirgi a Kano da Katsina da Kaduna da Sakkwato a riƙe su da rai, a gwada su tun kaka kafin hazo ya sauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku gare mu, masu sa hannun gobe. Duk takardar sayen sabuwar na'ura da ta zo gabanka, ko ta jirgi ce, ko ta asibiti, ko ta gona, yi mata tambaya huɗu kafin ka ɗora alƙalami. A ina ta yi aiki, shekara nawa, cikin ƙura da zafi irin namu? In ta lalace, faɗa take yi ko shiru take yi? Wa zai gyara ta a nan, da wane kaya, da kuɗin wane kasafi? Ranar da ta ƙi, me ya rage a hannun mai aiki, ya kuwa iya amfani da shi? In ɗan kwangila ya kasa amsawa, mayar masa da takardarsa, ko da za a kira ka baƙauye.

Abokina ya yi alkawarin zai mayar mini da martani a fitowa ta gaba, ina kuwa maraba, filin na kowa ne. Roƙona ɗaya gare shi, kada ya zo mana da hoto. Ya zo ya gaya mana abin da matuƙi zai duba in allon nan ya mutu da tsakar dare a saman Kano cikin hazon Janairu, ga alhazan Kafur ɗari a bayansa suna gyangyaɗi. In ya kawo amsar da ta fi tawa, ni da kaina zan ɗauki agogon in kai Gidan Makama. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya.